Igiyar Tabawa da Jirgin da Ya Kafe

A can wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki mai suna Tunau, wanda kogi ya raba birninsa gida biyu, gaɓar gabas da gaɓar yamma. Kowace shekara babban jirgin sarki kan taho da irin shuka, kuma bisa al'adar garin, gaɓar da jirgin ya sauka ita ke riƙe da kasuwa har shekara ta zagayo. A wata shekara ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, jirgi ya hau tudun yashi a tsakiyar kogi, ya kafe.

Sarki ya umarci Waziri Mamuda ya fitar da shi kafin damina ta faɗi. Waziri kuwa mutum ne mai gudun ɓacin ran manya, saboda haka ya raba aikin daidai wa daida: ƙarti arba'in a gabas, arba'in a yamma, kowane ɓangare da igiyarsa, kowa yana ja wajen gidansu. Kwana uku ana kiɗa ana ja, tafukan hannu suka sale, jirgi ko gezau.

Da aka rasa abin da za a faɗa wa sarki, sai aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi, kuma a fada irin wannan nema ba ya wuce ƙofar wanda ba shi da kowa. Wadda ta tufka igiyoyin nan wata mace ce mai suna Tabawa. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa, danginta suna wata ƙasa mai nisa, tana zaune ita kaɗai a bakin ruwa da tarin ramarta. Waziri ya ce asiri ta yi wa igiya. Sarki ya yanke cewa in jirgi bai motsa ba zuwa Juma'a, a rushe ɗakinta a fitar da ita daga gari.

Daga ranar nan masu zuwa ɗiban ruwa suka sake hanya. Tabawa ta yi wuni biyu ba ta ji muryar kowa ba sai ihun masu ja. Ta zauna a ƙofar ɗakinta tana kallon igiyoyinta biyu a miƙe kyam bisa ruwa, ɗaya gabas, ɗaya yamma. Ta san kowane zare da ke cikinsu, ta kuma san ba su da laifi. Ran Alhamis da hantsi ta saɓa sabuwar igiya a kafaɗa, ta nufi fada, ba ɗan rakiya.

Ta faɗi ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Kafin a rushe mini ɗaki, ina roƙon aron turmi ɗaya da dogarai shida."

Waziri ya ce, "Ke baiwar Allah, nan fada ce, ba wurin daka ba."

Sarki ya ce, "A ba ta."

Aka kawo wani ƙaton turmi. Tabawa ta ɗaure shi a tsakiyar igiya, ta sa dogarai uku a wannan baki, uku a wancan, ta ce su ja iya ƙarfinsu. Suka ja har jijiyoyin wuyansu suka fito, turmi yana nan inda yake.

Ta dubi waziri ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfin mutum nawa ke kan turmin nan?"

Ya ce, "Shida mana. Ko lissafin ma sai an koya miki?"

"A koya mini, ranka ya daɗe. Ƙarfin ƙarti shida, amma turmi bai matsa ko taki ɗaya ba. Ina ƙarfin ya tafi?"

Waziri ya gyara rawani. Tabawa ta je bayan dogaran dama ta kama wutsiyar igiya, ta ja tare da su. Turmi ya soma jan gindi a ƙasa, sannu sannu, zuwa wajenta.

Ta saki, ta ce, "Allah ya ba sarki nasara, ukun can sun cinye ƙarfin ukun nan, ba abin da ya rage wa turmi. Da na shiga muka zama huɗu da uku, ragowar ɗaya ce, kuma ɗayar nan ita ta tafi da shi. Abu ba ya duba yawan masu jansa, abin da ya rage bayan an yi karo shi yake bi." Sa'an nan ta tara dogaran shida a gefe guda. Ja ɗaya suka yi, turmi ya taso ya kusa share ƙafar waziri, fadawa suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya.

Ta ce, "Arba'in da arba'in a kogi ba tamanin ba ne. In suna ja gaba da gaba, babu ne. Yashi kuma yana riƙe da jirgin da nasa ƙarfin, sai an fi shi kafin a ga motsi. Kwana biyar igiyata tana ɗauke da faɗan gari guda ba ta tsinke ba, ladanta ke nan a ce mata mayya."

Sarki ya dubi waziri ya ce, "Mamuda, ka ji tsoron masu unguwa biyu, na gabas da na yamma, ka sayi zaman lafiyarsu da ɗakin matar da ba ta da mai tsaya mata. Na janye hukuncina, kuma ni ma da nawa laifin, tun da ban tambaye ta ba. Bana kasuwa ta yamma ce, baɗi ta gabas, haka za a riƙa yi har abada. Kai kuma tuɓe alkyabbar nan. Kai za ka haye da mutanen gabas, ka kama igiya a sahun gaba."

Haka aka yi. Mutum tamanin da waziri ɗaya suka jeru a gaɓar yamma, aka ɗaure igiyoyin biyu a goshin jirgi. A ja na uku yashi ya saki, jirgi ya zame cikin ruwa mai zurfi. Gari ya ɗauki guɗa, aka bi buhunan iri da kalangu har ƙofar rumbun sarki.

Ba wanda ya juyo ya ce wa Tabawa ta yafe. Da gaɓa ta watse, ta tsaya ita kaɗai tana naɗe igiyoyinta jiƙaƙƙu, tsakanin gwiwar hannu da tafi, har ta gama. Ta ja su zuwa gida ta shanya a kan danga, ta buɗe ƙofar ɗakinta, ta shiga ta hura wuta.