Buzun Alƙali Ilu

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso, mu ji ta.

A zamanin da, a wani birni mai ƙofa bakwai, an yi wani malami wai shi Malam Ilu. Ya yi karatu gabas, ya yi karatu yamma, ya dawo ba shi da komai sai littattafai da buzun rago da yake zama a kai. Sarki ya ji labarinsa, ya naɗa shi alƙali. Ranar naɗi buzun ya yi magana, ya ce muddin gaskiya ake yankewa a kansa zai kwanta, ranar da aka yi ƙarya kuwa zai tashi.

Malam ya raba kura da akuya, buzu na kwance. Ya raba manomi da makiyayi, buzu na kwance. Shekara ashirin ana haka.

Sai wata tsohuwa mai ginin tukwane, Gwaggo Tabawa, ta kawo ƙarar Sarki. Ramin yumɓun da ta gada, wanda da shi take ci, Sarki zai cike shi ya gina bargar dawaki. Sarki ya aiko a gaya wa Malam ya duba littafi da kyau, ya kuma tuna wanda ya naɗa masa rawani.

Malam ya kasa zama. Ya je bakin ramin, ya dawo. Ya buɗe littafi, ya rufe. Da ya fara shirya ƙarya a ransa, sai ya ji buzu na motsi. Kwana uku yana kai da kawowa.

Ranar shari'a Malam ya ce wa Sarki, "Ranka ya daɗe, wannan ta fi ƙarfin bakina. Ga buzu, zauna ka yanke da kanka."

Sarki ya ji daɗi, ya zauna, ya ce ramin nasa ne. Buzu ya fid da ƙafa huɗu da ƙaho, ya zama rago, ya kwasa da Sarki a bayansa, ya zaga kasuwa da shi. Sarki ya ce to a raba biyu. Rago ya ƙara gudu, ya bi ta marina. Sarki ya rungume wuyansa ya ce, "Nata ne, na Gwaggo ne." Rago ya kwanta daidai bakin ramin, ya koma buzu.

Tsohuwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da hanya, ranka ya daɗe. Ɗan gusa, kan yumɓuna kake."

A ranar Sarki ya tuɓe wa Malam rawani. Malam ya kakkaɓe buzunsa, ya koma zaurensa na karatu, ya zauna.

Wanda aka ba shari'a ya riƙe gaskiya, ko da za ta raba shi da rawani.

Ƙurunƙus, ta koma inda ta fito.