Ɗaurin Ƙwallon Tsamiya

Ku matso, sau ɗaya zan faɗa. Inna Kyauta ce ta ba mu labarin nan jiya muna tsintar shinkafa, ta kakkaɓe zaninta ta bar mu da gardama.

Wai a wani garin marina akwai doka. Duk wanda ya fito da sabon adon zane, sunansa ake raɗa wa adon, kuma shekara uku ba mai kwaikwayo sai da izininsa. Suna ɗaya tal. To amma a garin mace ba ta taka karofi, wajen ramukan rini ke nan. Namiji kuma ba ya ɗaurin zane, in aka gan shi da zare sai yara su yi masa waƙa.

Akwai wata mata, Tabawa, ɗauri ne sana'arta. Kowa da tsakuwa yake ɗaurewa, ita ta gaji, ta koma ƙwallon tsamiya, bibbiyu, tana karkata zaren yadda ba wanda ya taɓa yi. Ta san abu zai fito, amma ba ta da rami. Shekara biyu ƙyallen yana ƙasan akwati.

Ƙanenta Mati marini ne, shi ya karɓa. Tsomawar farko ƙwallayen suka jiƙa suka kumbura, zare ya tsinke, zane ya fito dabbare-dabbare. Marina suka yi ta dariya: "Mati, miyar yayarka ce ta zube a kai?" Bai kula ba. Sau tara yana ɓatawa kafin ya gano a tsoma a cire da sauri, a sha iska, a sake. Zane ya fito da zobba kamar idon zabuwa.

Sai 'yan kasuwa suka ƙi saye, wai ba su san shi ba. Nan Iya Ladidi dillaliya ta shigo. Ita ba ta iya ɗauri ba, ba ta iya rini ba, amma ba gidan da ba ta shiga, har ƙuryar ɗaki, a gidajen da Mati ko zaure bai isa ya wuce ba. Ta ɗaura zanen ta je gidan suna, ta zauna a tsakiyar mata tana gyara shi ba dalili. Kafin sati gari ya ɗauka.

Shi ke nan wasu marina suka fara tara ƙwallon tsamiya suna kai wa matansu. In ba a raɗa suna kafin kasuwar Laraba ba, ado ya zama na kowa.

Sarkin Karofi ya kira zama. Mati ya nuna hannuwansa duk shuɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na rina, amma ƙulli ɗaya ban iya ba." Tabawa ta aiko daga gida: "A ce masa ni na ɗaura, amma ban taɓa ganin cikin rami ba." Iya Ladidi ta tsaya bayan danga tana ɗaga murya: "Da ban sa shi ba, da yanzu tsumman goge tukunya ne!"

Sarki ya dafe kai. Ya ce tun kakanni ba a taɓa kiran sunan mace a karofi ba, kuma ba a taɓa ba mutum adon da bai iya ɗaurawa ba.

Ni wuf na ce Tabawa. Inna ta ce, "Mai shekara biyu a akwati?" Na ce to Mati. Ta ce, "Me zai tsoma?" Na ce ai ba su suka zaɓa ba, hana ta rami aka yi, shi aka hana shi zare. Ta ce, "Ban tambaye ki abin da aka hana su ba. Laraba jibi ce."

To ku, sunan wa za a raɗa wa zanen nan?