Farin Allon Dakta Mankad

Akwai wani mutum a nan Gujarat ta ƙasar Indiya mai suna Dakta Niranjan Mankad, shugaban sashen awo a wata cibiya da ke kula da tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar cibiyar, don haka abin da zan ba ku ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi. Manya in suka shiga mota mantawa suke yi direba yana da kunne.

Mutumin ya san aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. Amma girman kai! In ka gaishe shi, da gira yake amsawa, ita ma girar guda ɗaya.

Aikin nasu ga yadda yake. Idon tauraro yana tsufa kamar na mutum, yana dushewa a hankali. Shi ya sa duk shekara, in ruwa ya janye daga filin gishiri na Kutch, sai mu kwashi kaya mu tafi can. Da hantsi, daidai lokacin da tauraron zai gifta, sai su auna hasken gishirin daga ƙasa, su gwada da abin da tauraron ya gani daga sama. In an sami bambanci, sai a gyara wa tauraron ido.

Duk wannan awon kuwa ya dogara ne a kan wani farin allo, bai wuce faɗin tire ba. An san iyakar farinsa, da shi ake gwada farin gishirin. Shi ne mudun aikin.

Kowace ƙasa mai tauraro tana da nata allon. Tun da hotunan ake haɗawa wuri guda a gano inda fari ya tunkaro da inda ambaliya ta ci, dole mudun kowa ya zo ɗaya. Don haka ƙasashen suka yi yarjejeniya: duk bayan shekara biyu kowa ya kawo allonsa, a jera, a auna su tare.

Sau uku ana aiko wa Dakta Mankad goron gayyata, sau uku yana ƙin zuwa.

"Ni zan ɗauki allona in kai wa wasu su duba min?" in ji shi. "Su dai su kawo nasu in duba musu."

Allon nan ya fi ƙaunarsa da 'ya'yansa. Ƙa'ida ita ce a rufe shi a akwati, ba a buɗewa sai a filin awo. Shi kuwa gogan naku a ofis ya kafa shi, a kan kanta, kusa da lambobin yabonsa, don duk baƙon da ya shigo ya gani. A gefen kuma ga kaskon turaren tsinke, wanda yake kunnawa kowace safiya kafin ya taɓa takarda.

A ƙarƙashinsa akwai wata mata, Dakta Kanku Thakor, muna ce mata Kanku-ben, wato 'yar'uwa Kanku. Ta haura arba'in, ba ta da yawan magana. Iyayenta masu haƙar gishiri ne, a cikin filin nan aka haife ta, a bukkar buhu. Da ƙyar da siɗin goshi ta yi karatu har ta kai inda ta kai.

Aikinta shi ne gwada hotunan tauraronmu da na sauran ƙasashe. Kullum ta gwada, sai ta ga namu ya fi na kowa haske da kashi biyar cikin ɗari. Ta sake, ta kuma sakewa, amsar ba ta canza ba.

Wata rana a mota, ina ji, ta ce wa Dakta Mankad, wanda muke kira Saheb, wato maigida, "Saheb, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Allon nan ba fari ba ne."

Ya juyo a hankali. "Me kika ce?"

"A gidanmu da ido muke raba gishiri mai kyau da na biyu. Allon nan launin na biyu gare shi."

Ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya, ya dube ni. "Sidik-bhai, ka ji? 'Yar gishiri ta zo koya mana fari! To ko mu sayar da na'urorin ne mu riƙa aiki da idonki?"

Ni dai na riƙe sitiyari na yi kamar ban ji ba. Na ji kunya ranar, har yanzu kuma ina jin ta.

Kanku-ben ta koma kan teburinta. Ta rubuta rahoto ta kai masa. Bayan 'yan watanni ta sake kai wani. Shi kuma ya shiga yaɗawa cewa hannunta ne ba shi da kyau, lissafi ya fi ƙarfinta. Aka cire sunanta daga takardun sashen. A wurin shan shayi, in ta zauna, sai hira ta mutu.

To, wata shekara sai ƙasashen suka yanke cewa a filinmu na Kutch za a yi taron jera alluna. Baƙi har gida, ba hanyar zillewa.

Ana jibi taron, ya kira ta gaban ma'aikata. Ya zaro takarda daga aljihun rigarsa ya ɗaga. Takardar ajiye aiki ce, an buga da sunanta, sa hannu kawai ya rage.

"Na gaji da ƙorafinki," ya ce. "Jibi duniya za ta auna allona. In ya fito daidai, a nan kan gishirin ubanki za ki sa hannu ki kama gabanki."

Wani daga baya ya yi ƙarfin hali ya ce, "In kuma bai fito daidai ba fa, Saheb?"

"In bai fito ba? Zan tuɓe takalmi in taka da ƙafa daga wurin awo har bakin titi!"

Aka yi dariya, don kowa ya san kilomita huɗu ne, kuma ɓawon gishirin nan yanka yake kamar fasasshiyar kwalba.

Kanku-ben ta ce, "To, Saheb." A hanya na hango ta a madubi, ta rungume jakarta. Shekara goma sha shida na aiki, da sunanta, duk sun rataya a kan allo guda.

Ranar taro, tun da safe aka kafa dogon tebur a tsakiyar fili. Ƙasa tara suka hallara, har da tamu. Wata dattijuwa 'yar Japan, Farfesa Morishita, ita ce shugabar awon, 'yar ƙarama da ita, da malafa ta fi ta faɗi. Kowa ya sa safar hannu, ya buɗe akwatinsa, ya ɗora allonsa. Alluna takwas suka jeru suna ƙyalli a rana, ba ka iya kallonsu sai ka runtse ido.

Dakta Mankad ya bari sai da kowa ya gama. Sannan ya taho da nasa a naɗe cikin jan karan-miski, yana tafe yana murmushi. Ya ajiye a tsakiya, ya yaye ƙyallen.

Kowa ya zuba wa allon ido.

Jama'a, wallahi ni da ban san komai ba sai giya da birki, daga inda nake tsaye na gani. A ofis allon nan fari ne tas. Amma da ya shiga tsakanin 'yan'uwansa, sai ga shi kamar madarar da aka ɗiga wa shayi.

Wani Bafaranshe ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wata 'yar Brazil ta dafe baki. Ni kaina sai da na ce innalillahi a fili.

"Inuwa ce," in ji Dakta Mankad. "Hasken wurin ne. A auna!"

Aka auna. Na farko casa'in da tara. Na biyu casa'in da tara. Haka har takwas, bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Aka zo kan nasa.

Casa'in da huɗu.

"Na'urarku ce ta lalace!"

Aka kawo ta wata ƙasa. Casa'in da huɗu. Aka kawo ta uku. Ba ta ƙara ko ɗigo ba.

Farfesa Morishita ta sunkuya a kan allon, ba ta taɓa shi ba, ta dai shaƙa. Ta ɗago tana dubansa.

"Dakta, a ina kake ajiye shi? Ƙanshin turare yake yi."

Bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa. Allon irin wanda ke zuƙar hayaƙi ne, kuma shekara bakwai yana shan turaren ofis kowace safiya. Da yake a hankali ya rine, kuma shi kaɗai ne a kan kanta ba na biyu, ido bai taɓa kamawa ba.

Dattijuwar ta ce, "Ka gane abin da wannan ke nufi? Allon ya dushe, kun ɗauka gishirin ne ya ƙara haske, kuka yi ta ƙara wa tauraronku. Duk hoton da kuka aiko mana shekara bakwai akwai kuskure a ciki. Mu kuma mun haɗa da namu."

Dakta Mankad ya zauna daɓas a kan akwatin kaya.

"Shekara bakwai," ya ce. "Ba wanda ya gaya min?"

Duk ma'aikatanmu wuri guda suka juya.

Kanku-ben ta ce, "Na gaya maka, Saheb. Sau goma sha ɗaya, a rubuce. Suna cikin durowarka ta ƙasa, inda kake ajiye turare."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ma ta fi zafi.

Sai ta buɗe jakarta ta fito da littattafai bakwai, ta miƙa wa Farfesa. Ashe duk wata tana rubuta bambancin tauraronmu da na sauran, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Dattijuwar ta yi ta buɗa shafuka, sannan ta kira sauran suka kewaye ta.

"Da wannan za a iya gyara hotunan duka," ta ce. "Ba sai an zubar da komai ba. Wace ce ke? Me ya sa ban taɓa ganin sunanki ba?"

Ana cikin wannan na waiga, sai na ga takalma biyu da safa a gefen akwati. Dakta Mankad ya riga ya yi nisa, shi kaɗai, ya nufi titi ba takalmi.

Na ɗauka zai yi taku goma ya dawo. Bai dawo ba. Yana tafe yana ɗingishi, bayansa kuma ga jan ɗigo a kan farin gishiri.

"Sidik-bhai, tada mota," in ji Kanku-ben.

Na ce, "Haba, Ben, ki bar shi mana ya ɗan ɗanɗana. Shi fa ya yi alkawari, ba wanda ya sa shi."

"Tada mota na ce."

Muka sha gabansa. Ta sauka riƙe da wasu manyan takalman roba, irin masu kaiwa gwiwa, waɗanda kullum suke bayan motar ban taɓa tambayar na wane ne ba.

"Ki matsa, Kanku," ya ce. Fuskarsa sharkaf, ban san gumi ne ko hawaye ba. "Na faɗa gaban mutane."

"Zauna, Saheb. Gishiri in ya shiga ciwo ba ya fita. Ni na sani."

Ya tsaya yana haki.

"Na Bapu ne, mahaifina," ta ce, tana nuna takalman. "Da albashina na farko na saya masa. Shekara arba'in yana cikin ruwan gishiri ba takalmi, ƙafar ta kumbura ta tsage, ko yatsunsa ba su shiga ba. Ranar da muka ƙona gawarsa bisa al'adarmu, wuta ta ci komai ta bar ƙafafun. Sai binne su muka yi. Ban yi wa kowa fatan wannan ba, har kai."

Mutumin nan da ke amsa gaisuwa da gira ya zube a kan gishiri ya fashe da kuka kamar yaro. Na kau da kai, don abin ya fi ƙarfin idona.

Ta ɗauko ruwan sha ta wanke masa ƙafa. Tafin hagu ya tsage sosai, jini ya ƙi tsayawa.

Ta miƙa hannu. "Ba ni takardar nan da ke aljihunka."

Ya zaro takardar ajiye aikin. "Kanku-ben, don girman iyayenki kada ki sa hannu. Ni ya kamata..."

Ba ta ko buɗe ta ba. Ta ninka ta huɗu, ta danna a kan ciwon, ta zura masa ƙafar cikin takalmin mahaifinta.

"Ta yi amfani," ta ce. "Tashi mu koma, baƙi na jira. Saura minti ashirin tauraro ya wuce."

Yau Kanku-ben ce ke ɗaukar allon cibiyar ta kai taron ƙasashe duk bayan shekara biyu, a rufe cikin akwatinsa. Dakta Mankad da bakinsa ya nemi a ba ta kujerarsa. Har ya yi ritaya, duk inda muka haɗu shi ke fara gaishe ni.

Darasi: Duk ƙwarewarka, ba za ka ga dushewarka ba muddin kai kaɗai kake tsaye. Ka yarda a jera naka da na wasu a auna, kuma in na ƙasa da kai ya ce maka akwai gyara, ka saurara kafin duniya ta gaya maka a bainar jama'a. Kai kuma da ake rainawa alhali kana kan gaskiya, ka ci gaba da aikinka da kyau, ranar da ta juyo gare ka kuma kada ka rama. Ku tura wa wanda kuka san ba ya son a duba aikinsa, amma kafin nan kowa ya fara duba nasa allon.