Turaren Dinatu a Kan Toka

Akwai wani dattijo mai babban gida, 'ya'ya da jikoki cike da tsakar gidansa. Da tsufa ya kama shi, idanunsa suka dushe, kunnensa ya yi nauyi. Amma hancinsa kam ba a magana. Yana kwance a kan gadonsa zai gaya maka miyar da ake kaɗawa a maƙwabta, har ya ƙara da cewa daddawa ta yi yawa.

Saboda haka aka yi wata al'ada a gidan. Aka ajiye ɗan kasko a ƙofar ɗakinsa, dab da labule. Safe da yamma, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya barbaɗa turare a kan garwashi, hayaƙi ya ratsa labulen, Baba ya shaƙa ya gane mai zuwa, domin kowa da irin haɗinsa. Sai ya kira sunansa, mutum ya shiga ya faɗi abin da ke ransa, ya fito da albarka.

Ana nan, sai autansa Barnaba ya auro Dinatu daga wani gari mai nisa. Ranar da aka kawo ta, Baba ya sa aka yanka ragon da ya fi so, aka dafa a babban murhun tsakar gida, kowa ya ci ya ƙoshi.

Dinatu gwana ce wajen haɗa turaren wuta, sana'ar mahaifiyarta ke nan. Sai dai kunyar suruki ta yi mata yawa. Takan jira kowa ya gama gaisuwa ya tafi gona, sannan ta lallaɓa ƙofar Baba. Kafin nan garwashin kasko ya mutu, toka ce kawai. Ga murhu can yana ci, amma manyan matan gida ne zaune kewaye da shi, ita kuwa gani take ita baƙuwa ce, ina ita ina taɓa wutar gidan mutane? Sai ta ce a ranta, ai turarenta ko ba wuta yana ƙamshi. Ta barbaɗa a kan toka, ta durƙusa, ta yi gaisuwa can ƙasa-ƙasa, ta jira. Shiru. Ta tashi ta koma ɗaki.

Ta ɗauka laifin haɗin ne. Ta ƙara sandal, ta ƙara gajiji, ta daka jema, ta kawo wanda ya fi na jiya. Shiru dai. Tana jin sauran suna fitowa daga wurin Baba da dariya, ita ko sunanta ba a taɓa kira ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Mijinta ya tambaye ta me ke damunta, ta ce ba kome. Amma ta riga ta yanke cewa surukinta ba ya ƙaunarta, har ta fara ninke kaya, da niyyar ta roƙi zuwa ganin gida, ta yi zamanta a can.

To, Gwaggo Kande, ƙanwar Baba, ita ce mai kwashe tokar kaskon, kuma ba ta zubar da toka. Tara ta take yi, ta tace ruwanta ta sa a miya. Wata rana aka kaɗa miyar kuka da ruwan tokar nan, aka kai wa Baba tuwo. Loma ɗaya ya kai baki, ya tsaya, ya ce yau miya ƙamshin ɗakin amarya take yi. Gida ya ɗauki dariya. Dinatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta ruga ɗaki.

Gwaggo Kande ta bi ta, ta tarar da ita zaune kusa da ƙullin kaya tana hawaye. Dinatu ta faɗa mata kome. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ta ce, "Ke 'yar nan, kullum sai Baba ya tambaya ina amaryar ɗansa, mu ce masa kunya take ji. Ashe kina zuwa, toka kike ta yi wa turare! Tashi ki ɗebo wuta."

Dinatu ta ce, "Gwaggo, ai ni baƙuwa ce."

Gwaggo ta ce, "A murhun nan aka dafa ragon da ya yanka dominki. Wutarki ce."

Dinatu ta tashi, ta nufi murhu. Matan suka matsa mata. Ta ɗebo garwashi ja wur, ta zuba a kasko. Turare kuwa ɗan kaɗan ya rage mata, duk mai kyaun ya ƙare a toka. Ta barbaɗa abin da yatsu uku suka ɗauka. Hayaƙi ya tashi siriri, ya ratsa labule.

Daga ciki aka ji muryar tsoho, cike da murna: "Dinatu, 'yata! Shigo, na daɗe ina jiranki."

Ta shiga. Ita da ba ta iya haɗa kalma biyu a gabansa, har tuwon Baba ya huce ba ta gama zance ba. Ta fito tana dariya tana share ido, ta je ta kwance ƙullin kayanta. Tun daga ranar ba ta fasa zuwa safe da yamma ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: dattijon nan yana nuna mana Ubanmu na sama, ko da yake shi idonsa bai dushe ba, kunnensa bai yi nauyi ba. Kaskon kuwa yana tuna mana da bagaden ƙona turare na Isra'ilawa. A zamanin Musa, Allah ya umarta a yi ɗan ƙaramin bagade, a dalaye shi da zinariya, a ajiye shi a gaban labulen da ya kare Wuri Mafi Tsarki. Kowace safiya da kowane maraice firist yakan ƙona turare a kansa. Ba kuwa kowace wuta yake kawowa ba, sai garwashi daga bagaden da ake miƙa hadaya.

Turaren nan addu'armu ce. Wutar kuwa hadayar Yesu Almasihu ce, Ɗan Ragon da Uba ya bayar dominmu tun ba mu iya gaishe shi ba. Da yawa a cikinmu Dinatu ne. Muna jin addu'ar dattawan ikilisiya, mu ce tamu ba ta kai ba, sai mu shiga neman manyan kalmomi, mu ƙara tsawo, mu ƙara murya. Wasu kuma suna ganin su baƙi ne, ba su isa su matso ba. Duka biyun barbaɗa turare ne a kan toka.

'Yan'uwa, ku baƙi ne a gidan da aka yanka rago dominku? Ranar da Yesu ya mutu, labulen Haikali ma ya tsage daga sama har ƙasa. Gobe da safe, kafin ka fita, ka durƙusa cikin sunan Yesu ka faɗi ɗan abin da kake da shi, ko kalma uku ce. Da yamma ka sake. Uba ya san ƙamshinka, ya san sunanka, kuma ya daɗe yana jiranka.