Dubu Ɗari da Guda Uku

Masu ba da labari sun ce a zamanin da Darbazu sarkin aljanu ya kame kogin Birnin Zamradu ya kulle shi cikin tulun tagulla, mutane suka riƙa faɗuwa don ƙishirwa, har mahaifiyar Yarima Ukasha ta kwanta. Ukasha ya ɗaura takobi, ya keta sahara bakwai, ya ratsa birnin matsafa da kwarin macizai masu fukafukai, bai sauka ba sai a fadar Darbazu.

Darbazu ya dube shi a wulaƙance ya ce, "Ya kai bil'adama, mu dubu ɗari cif da guda uku ne, har da ni. Jera mu sahu-sahu daidai, kada ko ɗaya ya ragu, ban da sahu guda, ban da ɗaiɗai. In ka iya, na rantse in saki kogin. In ka kasa, kanka ya tafi."

Ukasha ya jera su sahu biyu, ɗaya ya ragu. Ya yi uku, ɗaya ya ragu. Ya yi biyar, uku suka ragu. Kwana uku cur yana wannan wahala, la'anannen nan yana kishingiɗe yana ƙyaƙyata dariya!

Sai Gimbiya Rumasa'u, 'yar wani sarki wadda Darbazu ya sato don ta riƙa yi masa lissafi, ta matso ta ce, "Yarima, daina kashe kanka. Na gwada kowane adadi, wannan ba ya rabuwa sai da ɗaya ko da kansa. Yaudara ce. Amma a al'adarsu, aljanin da ya shiga sahu ba ya motsi sai wanda ya jera shi ya sallame shi."

Idanun Ukasha suka kaɗa suka yi jawur. Ya daka tsawa, ya jera su sahu bakwai, kowane sahu dubu goma sha huɗu da ɗari biyu da tamanin da shida. Ya bar Darbazu a waje.

"Saura ɗaya!" in ji Darbazu.

"Na gani, azzalumi, maƙaryaci! Uwata tana can tana haƙilo, kai kana wasa da ni?"

Darbazu ya yi kururuwa yana kiran rundunarsa, ba wanda ya ɗaga ƙafa. Suka kacame da sara da suka har ƙasa ta girgiza, daga bisani Ukasha ya fille masa kai. Sahu suka daidaita, tulu ya tarwatse, kogi ya kama hanyar gida.

Ukasha ya koma da Rumasa'u, aka ɗaura musu aure, mahaifinsa ya naɗa shi sarki. Amma wallahi ba a ga haƙorinsa ba ranar naɗin, don mahaifiyarsa ta rasu a rana ta biyu, lokacin da yake can yana jera aljanu.