Dattijon da Ya Kifar da Tuwon Yara

Akwai wata mace a wani ƙauye, mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba. Ya bar ta da yara uku da akuya guda. Mace ce mai ji da kanta, tun da take ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Bazara ta yi tsawo, rumbunta ya ƙare. Sai ta riƙa ɗora tukunya da ruwa zalla, don maƙwabta su ga hayaƙi su ce ana girki a gidan. Autarta, Kande, har ta daina kukan yunwa, sai dai ta zauna ta zuba wa uwar ido.

A bayan dangarta akwai wani manomi, dattijo. Ya sha ce mata, “'Yata, in da abin da ya dame ki, ki faɗa mini.” Ita kuwa amsarta ɗaya ce kullum: “Lafiya lau, Baba. Mun ƙoshi.”

Ran kasuwa unguwa ta watse. Matar ta tsallaka danga ta shiga gidan dattijon. A gindin rumbunsa ta tarar da masaki an rufe da faifai, cike da tsabar gero mai manyan ƙwayoyi. Irin shukarsa ne, gama ruwan fari ya kusa sauka. Ta ga wani farin gari a jikin geron, ta ce a ranta toka ce, irin wadda ake barbaɗawa saboda ƙwari. Ta juye shi a zanenta, ta ƙulle, ta koma gida.

Ta surfa, ta wanke, ta ba akuya dusa da ƙasari, wato ruwan wankin geron. Ta niƙa, ta tuƙa tuwo. Ko muciya ba ta lasa ba, ta ce sai yara sun fara ci.

Da la'asar yaran suka wanke hannu suka kewaye murhu. Ta ɗauki mara za ta kwashe ke nan, sai ga dattijon ya faɗo gidan a guje, ba sallama, ba hula, ba takalmi. Ya sa ƙafa ya shuri tukunyar. Ta kife ta fashe, tuwo mai zafi ya malale masa a ƙafa, saura ya bi ƙasa. Kande ta kai hannu za ta damƙi loma daga cikin ƙasar, ya buge hannun, ya hau tattake tuwon yana cuɗa shi da turɓaya.

Yara suka fasa ihu. Maƙwabta da suka dawo daga kasuwa suka cika gidan, suka tsaya riƙe da baki.

Wata tsohuwa ta ce, “Haba, dattijo! Da furfurarka? Abincin yara?”

Matar ta ci ɗamara ta tsaya a gabansa. Ta ce, “Mugu! Geronka ne, ni na ɗauka, kowa ya ji. To, ga ni, ka dake ni mana! Me yaran nan suka yi maka?”

Ya ce, “Wa ya ci? 'Yata, dube ni. Wa ya sa a baki?”

Ta ce, “Wa zai ci, ba ka hana ba?”

Sai ya zube a ƙasa ya ɗaga hannuwa sama ya ce, “Na gode wa Allah.” Mutane suka dubi juna, suka ce lalle tsohon nan ya taɓu.

Ya ce, “Ina akuyarki?”

Suka zaga bayan ɗaki. Ga akuya kwance kusa da kaskon ƙasari, ciki ya kumbura, kumfa a baki, ƙafafu sun sandare.

Dattijon ya ce, “Farin garin da ke jikin geron ba toka ba ne. Maganin iri ne, jiya na cakuɗa. Zanenki ya huje. Na bi geron da ya zuba tun daga rumbuna har dangarki, kajina uku na tsallake a hanya, matattu.”

Matar ta dubi akuyar, ta dubi hannun Kande da ya yi ja. Sai a lokacin ta ga ƙafar dattijon, fata ta saɓule har idon sawu.

Kashegari mai unguwa ya tara dattawa. Dokar garin ita ce, wanda ya saci iri sai ya mayar da kamarsa da hannunsa a gaban jama'a, in ya kasa ya bar garin. Waɗansu suka ce, “A yi shiru da maganar, yunwa ce.”

Dattijon ya ce, “A'a. Sata ce, ba zan sake mata suna ba. A bi doka.”

Matar ta sunkuyar da kai, gama ko ƙwayar gero ba ta da ita. Dattijon ya dogara sanda ya ɗingisa zuwa rumbunsa, ya sa aka sussuke damin da ya ajiye don cinsa na damina. Aka cika masaki. Ya ɗora mata a hannu ya ce, “Ungo, naki ne. Yanzu mayar mini a gabansu.”

Ta dubi masakin da ke hannunta. Ta ce, “Baba, da naka zan biya ka?”

Ya ce, “Da na wa za ki biya? Miƙo. In an gama ki turo yaran, an ɗora tukunya a gidana.”

Ta durƙusa ta miƙa. Daminar nan duka da ɗingishi ya yi noma, tabon kuwa bai ɓace ba har ya mutu.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Dattijon, Ubangiji ne. Matar kuwa ni ce, ke ce, kai ne, mu da muke ce masa mun ƙoshi alhali ruwa zalla ke kan wuta. Geron shi ne abin da muka kama da ƙarfin kanmu muna cewa shi zai cece mu, ga guba a jikinsa muna kiranta toka.

Wani lokaci Allah yakan shigo ba sallama ya kifar da abin da muka sha wahala muka dafa, mu kuwa mu ce mugu ne. Ban ce kowace wahala haka take ba. Akwai tukwanen da suka fashe mana, har yau ba a nuna mana akuyar ba. Ni kaina na binne miji, ba wanda zai zo ya ce mini ya san dalili. Amma kafin ki zagi ƙafar da ta shuri tukunyarki, dubi ƙafar tukuna. Wanda yake ƙinki ba zai sa ta a wuta dominki ba.

Zunubi kuma, kada wani ya ruɗe ku, Allah ba ya cinikinsa. Ba ragi, ba “sallama mini haka”. Mai adalci ne, sai an mayar da masaki cike. Jinƙansa shi ne, da ya ga hannunmu wayam, ya buɗe nasa rumbun ya ba da Ɗansa, Yesu Almasihu, a kan gicciye. Da nasa aka biya shi, tabon kuma a jikinsa yake.

Abin da ya fi wa matar nan wuya ba yunwa ba ce, buɗe hannu ne a gaban mutane. Yau ga masaki ana miƙo miki. In ya tambaye ki, kada ki sake ce masa, “Mun ƙoshi.”