Jan Gidan Tunau

A zamanin da Kwarin Gauraka ke kurmi, wani maharbi ya sauka a bakin rafi da matarsa Gwamma, mai ginin tukwane. Sunansa Tunau, ana yi masa kirari da Tunau na Gwamma, mai kwana inda zaki ya tashi. An ce kibiyarsa ba ta taɓa kwana a daji ba. Mutane suka biyo shi saboda nama, har wurin ya zama gari.

Wata rana ya sa wa ciyawa wuta don korar namun daji, wutar ta bi ta kan tubalin da ya shanya. Da wutar ta mutu, Gwamma ta ƙwanƙwasa ɗaya, ta ji yana ƙara kamar tulu. Daga nan ta riƙa gasa tubali yadda take gasa tukunya, suka gina gida ja wur.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, sun ci naman Tunau sun ƙoshi, sannan suka fara ƙus-ƙus. Me ya sa gidan ya yi ja? Me aka zuba a cikin kwaɓin?

Sarkin magina Ɗanbaba, wanda aikin yaɓe ke ciyar da shi duk shekara, ya tara dattawa. Ya ce, "A jiƙa tubali ɗaya a randa. In ya narke, ƙasar Allah ce. In ya ƙi, su san inda za su nufa."

Gwamma ta ce, "Haba Baba, randar ma ai gasa ta na yi. Ta taɓa narkewa?"

Aka dai jefa tubalin a randar. Tubali ya kwana, bai narke ba, aka kori Tunau da Gwamma da 'ya'yansu.

Da damina rafi ya cika ya kwashe gidajen ƙasa. Duk garin, har Ɗanbaba, a jan gidan suka fake. Aka aika neman Tunau gabas da yamma, ko sawunsa ba a gani ba. Wannan abin kunya har yau yana ci mini rai.

Gidan na nan an kewaye shi, ba a rufe ƙofarsa ko masu shi za su dawo. Randar ma tana zaure, ana sake mata ruwa duk Juma'a. Kuma duk ɗan garin da ya shiga, kafin ya yi wa Tunau addu'a, sai ya leƙa ya ga ko tubalin ya narke.